Gadon mutum uku ne a motar, mu kuma mun kai biyar: ina zan ƙara wurin kwana?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga harkar nan. Na samu motar kwana, Fiat Ducato ce mai tsawon mita 6, ta hannu ce amma lafiyarta ƙalau. Wanda ya haɗa cikinta ya sa gado ɗaya a can baya a gicciye na mutum biyu, sai teburi da kujeru a tsakiya wanda in an sauke teburin yake zama ɗan ƙaramin gado, iyakarta kenan. To mu huɗu ne, ni da maiɗakina da Ummi mai shekara 9 da ƙaninta mai shekara 4, kuma akwai yaron yayana ɗan shekara 16 da ya nace sai an tafi da shi, ni ma gaskiya ina son tafiya da shi don yaron kirki ne kuma yana taimaka min sosai. Abin da na yi tunani shi ne in sa kafinta ya yi min gadon sama a kan gadon bayan nan, a kafe shi a jikin bango da ƙusoshi, ƙananan biyu su hau sama, babban ya kwanta a na teburi. Akwai wanda ya taɓa yin haka? Wane irin katako ya fi dacewa?

Kafinta77:
Wa alaikumussalam Malam. Kafin a zo maganar katako, ka ɗauko tef ka auna min abu biyu. Daga saman katifar da kuke kwana yanzu zuwa silin nawa ne, sannan bangon da kake cewa a kafe gadon meye a bayansa? Don na ga motocin nan da yawa, wasu bangonsu duk da kaurin da kake gani ba komai ba ne illa falle siriri na alminiyam ko faiba a waje, soso mai tauri a tsakiya, sai falle na katako kamar milimita 3 daga ciki. Ƙusa in ta shiga wannan za ta riƙe madubi ko ƙugiyar rataye riga amma ba za ta riƙe yara biyu suna juyi suna tsalle ba, yau da gobe girgizar hanya za ta buɗe ramin sai ka ji gado ya sauko a kan masu kwana a ƙasa.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai. Tawa ba irin mai akwatin nan ba ce da ake ɗorawa a bayan kan mota, bodin ƙarfe ce gaba ɗaya kamar motar kaya, an dai lulluɓe cikin da katako. Na auna yanzu, daga ƙasa zuwa silin santimita 188, saman katifa yana kan 80, kenan saura 108.

Kafinta77:
To alhamdulillah bodin ƙarfe ta fi sauƙi, don a bayan katakon akwai haƙarƙarin ƙarfe na motar kanta, a nan ake ɗaure kaya da noti, ba a fallen ado ba. Amma lissafin tsayin ne bai min ba. Kana da 108. Gadon sama da firam ɗinsa da katifa ko ka matse ya ci 12, saura 96, ka raba biyu 48 sama 48 ƙasa. Malam ka samu teburi mai tsayin 48 ka shiga ƙarƙashinsa ka kwanta minti goma ka ji. Ba zama, ba juyi da gwiwa a ɗage, wanda ke kwana ta ciki in zai fita da dare sai ya ja ciki ya bi ta kan ɗan uwansa. Ni a aikina in bai kai 60 ba ba na kiran shi gado, kuma 60 ɗin ma na yara ne.

Mai Walda:
Ni kuma ina ganin in da ƙarfe aka yi firam ɗin ai ba zai ci 12 ba. Fayif mai kusurwa huɗu na santimita 2 da rabi ya isa, a ɗora katifa mai kauri 6, ka ga an tsira da wani abu. Kuma ƙarfe ba ya kuka da dare kamar katako.

Kafinta77:
Yallaɓai ko ka tsira da santimita 4 ai 50 da 50 ka samu, ba a fita daga matsalar ba. Kuma katifa mai kauri 6 a kan fayif yaro ma sai ya ji ƙarfen a haƙarƙarinsa.

Mai Walda:
Haka ne, ban musa ba. Sai dai in zai yarda a sauke gadon ƙasan, a rage ma'ajiyar da ke ƙarƙashinsa ya dawo kamar 45 daga ƙasa, to a nan sama da ƙasa kowa zai samu wajen 65.

Baban Ummi:
Ai a ƙarƙashin nan tankin ruwa yake da tukunyar gas da batir, ba za su sauko ba sai an wargaza rabin motar.

Tsohon Direba:
Ku yi haƙuri in katse ku. Duk kun tafi kan gado, ni kuma tun da na karanta rubutun farko abu ɗaya ke damuna. Baban Ummi, kujeru nawa ne masu bel a motar? Ba kujerun zama a sha iska ba, waɗanda aka yi don tafiya, masu kallon gaba, masu bel ɗin da ya ratsa kafaɗa da ƙugu.

Baban Ummi:
Huɗu ne Baba. Biyu a gaba, biyu a bayan direba wajen teburi. Amma akwai wani ɗan benci a gefe kusa da ƙofa, na ce babban yaron zai iya zama a nan tunda ba yaro ƙarami ba ne zai riƙe kansa.

Tsohon Direba:
To ɗana a nan zan tsaya maka, kuma ka yi min uzuri in maganar ta yi nauyi. Mota ba ta ɗaukar mutum da yawan gadajenta, da yawan bel ɗinta take ɗauka. Na shekara sama da talatin a kan sitiyari, babu wani mahaluki da yake riƙe kansa in aka yi karo. Kujerun tafiya ana gwada su da ƙarfin da ya kai ninki 20 na nauyin abin da ke kansu, wato yaro mai kilo 55 a wannan daƙiƙar ya zama abu mai fiye da tan guda yana tahowa, kuma ina zai tafi? Kan ƙannensa da ke gabansa ko ƙeyar direba. Shi zai ji ciwo, wanda ya sa bel ɗinsa ma zai ji ciwo ta dalilinsa. Bencin gefe kuma ko ka sa masa bel bai zama kujerar tafiya ba, jikin mutum ba ya jure fizga ta gefe, kuma akwatin katako ne kawai aka ɗaure a daɓe, shi kansa zai iya tsigewa. Ɗan yayanka amana ne a hannunka. In ba kujera, to ba tafiya a cikin motar nan, ko da gado goma ka ƙera.

Abu Sadik:
Baba da girmanka amma ina ganin an tsananta. Mutane nawa ke tafiya haka lafiya lau? In zai tuƙa a hankali ai shikenan, motar kwana ba motar gudu ba ce, kuma tafiyar ba kullum ba.

Tsohon Direba:
Abu Sadik, kai kana tuƙa taka a hankali, wa ke tuƙa ta wanda zai fito maka daga kwana? Gudun kilomita 50 a awa da kake rainawa, in ka daki abu a tsaye daidai yake da faɗowa daga bene mai tsayin kusan mita 10. Waɗanda suka je suka dawo lafiya Allah ne ya tsare, ba bencin ba.

Maman Khalil:
Ni dai ina bayan Baba a wannan. Kuma Yaya Baban Ummi ka duba takardun motar, akwai adadin kujerun da aka yi mata rajista da su, in ka wuce wannan adadin aka samu matsala inshora ma za su iya zamewa. Ana iya ƙara kujera ta biyar a wasu motocin amma aikin masu sana'ar ne, sai an ɗaure ta ta ratsa daɓe da faranti na ƙarfe ta ƙasa, a duba a sa a takarda, ba aikin gida ba ne.

Amma bari in dawo kan gadon don ni na sha wannan matsalar kuma yarana kusan sa'annin naka ne. Abu na farko, ɗan shekara 4 ba ya hawa gadon sama sam, masu ƙera gadaje masu hawa biyu da kansu suna rubutawa cewa kar yaron da bai kai shekara 6 ba ya kwana a sama. To tun daga nan tsarinka na ƙananan biyu a sama ya rushe. Abin da muka yi mu shi ne ƙaramin ya kwana a gadon teburi tunda yana ƙasa kuma yana kusa da mu, babbar kuma muka yi mata wuri a gaba wajen direba. Ana juya kujerun gaban su kalli juna ko su kalli baya, a ɗora gado mai naɗewa a gicciye daga ƙofa zuwa ƙofa. Namu irin na tamfol ne mai sanduna biyu, in gari ya waye a naɗe shi kamar tabarma a tura bayan kujera, bai kai nauyin jarkar ruwa ƙarama ba. Ba huda bango, ba ƙusa, ba abin da aka taɓa a jikin motar, ranar da yara suka girma ka cire ka ba wani.

Baban Ummi:
Allah ya saka da alheri Hajiya, wallahi ban taɓa kawo gaban motar a raina ba, kullum ina kallon shi wurin tuƙi ne kawai. Tsawon ya ishe ta kuwa? Ummi doguwa ce, ta kai 137.

Maman Khalil:
Zai ishe ta har da saura. Namu wajen 150 ne, amma ka auna naka da kanka daga ƙofa zuwa ƙofa a daidai tsayin da gadon zai zauna, don sitiyari yana cin wuri ta gefe ɗaya, ƙafafu ake sawa ta wajen sitiyarin kai kuma ta ɗaya gefen. Ka sani dai na shekara biyu zuwa uku ne, in ta yi tsawo sai a sake dabara. Kuma kowane irin gadon nan akwai iyakar nauyin da aka rubuta masa, a duba, kar babba ya ce zai ɗan miƙe a kai.

Injiniya B:
Slm. Shawarar Maman Khalil ita ce mafi sauƙi, amma akwai abubuwa a gaban motar da ya kamata a kula. Birkin hannu na Ducato yana tsakanin kujerar direba da ƙofa, a wasu motocin kujerar ba ta juyawa sai an sauke birkin, to mutum ya sauke ya juya kujera ya manta bai mayar ba, ga yaro zai kwana a wurin. Ka sa mota a giya kafin ka taɓa birkin, ka juya, ka ja shi ka tabbatar, in wurin da gangara ka sa wa taya waigi. Makulli kuma kar ya kwana a jiki, ya kwana a wajenka. Ƙofofin gaba a kulle. Sannan gaban nan shi ne wuri mafi sanyi a motar duka don gilashi ne falle ɗaya ta ko'ina, in lokacin zafi ne kuma shi rana ke fara duka da safe. Akwai mayafi mai kauri da ake rufa wa gilashin gaba, wanda ake sawa ta waje ya fi na ciki aiki nesa ba kusa ba, don yana hana gilashin yin sanyi tun farko, shi ya sa ba ya yin raɓa sosai.

Kafinta77:
Tunda an zo maganar raɓa bari in ƙara. In ka fi son na katako maimakon tamfol ana yi, allo biyu masu naɗewa da ƙafafu da za su sauka a daɓe, nauyin ya tafi ƙasa ba kan hannun kujera ko dashbod ba. Amma kar ka yarda a yi maka shi rufe ruf. Mutum in yana barci yana fitar da danshi ta numfashi da gumi, danshin ya ratsa katifa ya tarar da allo mai sanyi sai ya zama ruwa, bayan sati biyu ka ɗaga katifa ka ga funfuna baƙi ƙirin. Ko a jera sirara-siraran katako da tazara tsakani, ko a huhhuda allon da manyan ramuka. Wannan har gadonku na baya ka ɗaga ka duba yau, motocin hannu da yawa da shi ake sayar da su mai saye bai sani ba.

Kuma ka kula da nauyin katakon kansa, mutane ba sa lissafa shi. Fallen filawud cikakke mai kauri milimita 12 in na itace mai nauyi ne yana kai kilo 24, mai kauri 18 ya haura 35. Akwai marar nauyi da ake yi musamman don motoci, shi ya kamata a nema.

Abu Sadik:
To ni tambayata, me ya sa ba zai yanke rufin a sa masa irin mai ɗagawa ɗin nan ba? Gadon mutum biyu ne cur a sama, an huta da duk wannan naɗe-naɗen. Ko ya ɗora tantin kan rufi.

Injiniya B:
Ana yi, kuma yana da daɗi in an yi shi daidai, amma aiki ne babba mai tsada, ana yanke ƙarfen rufi a sa firam da zai maye ƙarfin da aka cire, in aka samu wanda bai iya ba ka gamu da yoyo har abada. Ga fankar rufi da sola in akwai duk sai an canza musu wuri. Amma babban abin shi ne nauyi, kuma wannan ne nake so Baban Ummi ya duba kafin ya sayi ko ƙusa ɗaya. Rufi mai ɗagawa na babbar mota irin wannan da gadonsa yana iya haura kilo 100, tantin kan rufi kuma da ƙarafan da zai zauna a kai ka sa 60 zuwa 80, kuma duk a can sama suke inda nauyi ya fi cutarwa, mota ta riƙa layi a kwana da lokacin iska. Tanti kuma yana ƙara tsayi, mota da ta riga ta haura mita 2 da rabi, sai yaro ya sauko ta tsani a waje cikin dare in fitsari ya kama shi.

Malam ka buɗe bonet ko ka duba jikin ƙofa akwai ɗan faranti da lambobi. Na farko shi ne iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, yawancin irin taka kilo 3,500 ne. Akwai kuma mai lamba 1 da mai lamba 2, iyakar tayoyin gaba da na baya kenan. Ka cika tankin ruwa da mai, ka zuba kayan da kuke tafiya da su, ka ɗauki iyali, ku je sikelin da ake auna manyan motoci a auna gaba daban baya daban. Abin da ya rage tsakanin wannan da 3,500 shi ne abin da kake da shi, ba abin da mai sayarwa ya faɗa maka ba. Mutane suna mamaki in suka ga sakamakon, don ruwa kaɗai lita 100 kilo 100 ne. Kuma mota tana iya zama ba ta wuce jimla ba amma bayanta ya wuce, musamman in an rataya kekuna a ƙofar baya, don abin da ke bayan taya yana danna ta fiye da nauyinsa yana kuma ɗage gaba.

Ummu Hanan:
Ni ban iya lissafin ƙarfe ba amma akwai abin da ya same mu da nake so kowa ya ji, don duk lokacin da aka ce za a ƙara masu kwana a mota gabana faɗuwa yake. Mun taɓa kwana mu biyar a tamu lokacin sanyi, muka rufe ko'ina, har ramukan iskan nan na ƙasa da na rufi maigidana ya toshe da tsumma don iska na shigowa, hita kuma ta ƙi tashi sai muka kunna murhun gas muka bar shi yana ci don ɗumi. Cikin dare babbar 'yata ta tashi tana kuka kanta na ciwo tana amai, ni ma na miƙe na ji jiri kamar zan faɗi, Allah ne ya sa ta farka, muka buɗe ƙofofi muka fito waje, a asibiti aka ce iskar kabon monoksaid ce, iska mai guba da wutar murhun ta fitar. Ba ta da wari ba ta da launi, barci kawai za ka ci gaba da yi. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Don Allah duk gadon da za ka ƙara ka duba kar ya rufe ramin iska ko bakin hita, da yawa a ƙarƙashin benci suke inda mutum zai jibga bargo bai lura ba. Murhu na girki ne kawai. Ka sayi na'urar da ke ƙara in ta ji iskar nan ka kafa kusa da inda ake kwana, ka duba kwanan watan da ke bayanta don tana da wa'adi, tana mutuwa ko da batir ɗinta na aiki.

Injiniya B:
Allah ya ƙara tsarewa Hajiya, kin faɗi abin da ya fi duk nawa muhimmanci. In ƙara kaɗan, ramin da ke daɓen ma'ajiyar tukunyar gas ba kuskure ba ne, gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, ta ramin nan yake fita. Wanda ya toshe shi ya tara wa kansa. Kuma mai kwana a gadon ƙasa shi ya fi kusa da shi.

Baban Ummi:
Innalillahi, Allah ya kiyaye gaba Ummu Hanan. Wallahi akwai wani rami a ƙarƙashin bencin teburi da na sa kwali na rufe satin da ya wuce don ƙura, yanzu zan je in cire. Na'urar ma babu a motar.

To yanzu maganar babban yaron fa? Na karɓi maganar Baba, ba zai zauna a bencin ba. Amma yayana ya ce wataƙila su biyo mu da ƙaramar motarsu su yi kwana biyu su koma su bar shi, mu kuma in za mu dawo ya hau motar haya. In haka ta faru wurin kwana kawai zai buƙata.

Tsohon Direba:
Madalla, Allah ya yi maka albarka. In dai ba tafiya zai yi a ciki ba ai sauran mai sauƙi ne.

Maman Khalil:
Rumfa ce maganinsa. Akwai tantin da ake haɗawa da gefen mota ta wajen ƙofa mai zugewa, yana da ɗaki a ciki mai zif, wani irin ma kana iya cire shi daga jikin motar ka bar shi a tsaye ka je ka dawo. Ɗan shekara 16 zai fi son haka ma, ya samu wurinsa shi kaɗai, ga shi taku biyu ne tsakaninku. A sa masa shimfiɗa mai kauri a ƙasa don sanyi ta ƙasa yake hawowa ba ta sama ba. Sai dai ba ko'ina ake barin kafa tanti ba, in a filin da aka tanada don masu zango ne ba matsala, amma in tsayawa kuka yi a wurin ajiye motoci don ku kwana ku wuce to ba dama.

Ummu Hanan:
Kuma kar a shigar da gawayi cikin rumfar ko da ya yi kamar ya mutu, yana ci gaba da fitar da iskar nan. A duba kuma bututun hayaƙin hita ta wane gefe yake fita, in ta gefen rumfar ne to kar a kunna hitar yaro na ciki.

Mai Walda:
Wannan gaskiya ne, na sha ganin bututun a gefen ƙofa. Baban Ummi in ka tashi yin na gaban kuma ka fi son mai ƙafafu, alminiyam za ka sa a yi maka firam ɗin ba baƙin ƙarfe ba, nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne. Kuma ko na me aka yi, a samar masa wurin da za a ɗaure shi tam lokacin tafiya. Lissafin da Baba ya yi wa yaro shi ne na allo, abu mai kilo 10 da aka jingine a baya in aka taka birkin gaggawa ko aka yi karo ba kilo 10 zai iso gaba ba.

Abu Sadik:
Na ji bayanan kowa kuma na janye maganar benci. Amma har yanzu ina ganin naɗe gado kullum safe da yamma zai gundure shi, yara in sun yi barci da wuri kuma teburi ya zama gado manya ba su da wurin zama.

Maman Khalil:
Wannan kam gaskiya ne Abu Sadik, ba zan ɓoye ba. Da zarar sun kwanta gaba ta tafi tsakiya ta tafi, sai gadon baya ko waje. Mu mun saba, muna fitar da kujeru biyu mu zauna a bakin ƙofa. Ranar ruwan sama ce ke da wuya. Amma minti biyar ne haɗawar, kuma da rana motar tana nan yadda take da fili, wanda gadon sama na dindindin ba zai bar maka ba.

Baban Ummi:
Salam 'yan uwa, na dawo da labari bayan kwana shida. Mun je sikeli jiya mu huɗu da ruwa cike da mai cike da kayanmu. Gaba 1,590, baya 1,790, jimla 3,380. Farantin ya ce 3,500, gaba 1,850, baya 2,000. Kenan kilo 120 kacal ya rage min, kuma ban sa kekunan yara ba. Injiniya ka yi gaskiya, na tsaya ina kallon takardar kamar ba tawa ba, da na bi maganar rufi mai ɗagawa da shikenan na cinye shi duka. Kafinta77 na ɗaga katifar baya, akwai funfuna ta gefen bango, allon rufe yake ruf ba rami ko ɗaya, na fitar da katifar rana kuma zan kai a huda allon. Kwalin na cire, na'urar iska na kafa ta. Gaban motar na auna ya ba ni 152, Ummi ta gwada kwanciya a kan allon aro da na ɗora ta ce ita ta samu ɗakinta, ƙanin kuma yana ta rigima shi ma can yake so.

Abin da ya rage min, gadon teburin ba shi da kariya ta gefen hanya kuma yaron nan mai juyi ne, jiya da muka gwada kwana a ƙofar gida sau biyu ina tashi ina mayar da shi. Me kuke sawa?

Kafinta77:
Allo ɗaya ya isa, mai zamewa cikin ƴar hanya ta katako a kai da ƙafa, ka zare shi da safe. Ya ɗara saman katifa da aƙalla santimita 16, ka auna bayan ka danna katifar da hannu ba tana a kumbure ba. In mai sanduna za a yi, tazarar kar ta wuce 7 da rabi don kar jikin yaro ya zurma kai ya maƙale, kuma kar a bar rata tsakanin katifa da allon. Ka goge bakinsa ya yi sumul.

Maman Khalil:
Mu raga muka sa mai ƙugiya sama da ƙasa, amma a ja ta ta yi tauri, in ta yi sako-sako yaro na iya naɗewa a ciki. Ka bar ɗan wuri ta wajen ƙafa da zai iya sauka da kansa, kuma ka tabbata allon ko ragar ba su tare hanyar ƙofa ba, ka gwada da dare fitila a kashe ka ga ko kowa zai iya kaiwa ƙofa ba tare da an cire komai ba.

Baban Ummi:
To zan gwada na allon tunda akwai ragowar katako a gida, daren Juma'a za mu sake kwana a ciki a ƙofar gida in kashe fitila mu gwada fitar kamar yadda kika ce. Kafinta77 in na yanka zan turo hoto ka duba min tazarar kafin in kafa.